Wa Zai Gyara Shi Ranar da Ba Kya Nan?

Filin tambaya da amsa kan gini da mazauninsa

Wasiƙu sun taru a wannan watan, amma guda ɗaya ta cinye mafi yawan filin, don sai da na karanta ta sau uku kafin na ɗauki alƙalami. Sauran biyun gajeru ne, suna nan a ƙasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta zayyanar gine-gine. Furojet ɗina na kammala karatu makarantar firamare ce mai azuzuwa shida haɗe da ɗakin karatu na jama'a, kuma an ce mu yi gini mai ɗorewa wanda zai amfani al'umma. Na jera farantan sola a kan rufi, na sa tankin tara ruwan sama, na zana bishiyoyi, na ce a yi bangon da ƙasa. Da na kai wa malamin da ke duba aikina, kallo ɗaya ya yi masa ya ce kwalliya na yi wa gini, ban zana mai ɗorewa ba. Na je wurin mutanen unguwar da filin yake, suna jin na ambaci ƙasa sai fuskokinsu suka canza. Wani dattijo ya ce mini su daga ginin ƙasa suke gudu, don me zan mayar da jikokinsu cikinsa? Malam, kaina ya kulle, kuma saura wata huɗu in kare aikin. Littafi zan bi, ko mutane? Ɗalibarka daga nesa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Tafiyar da kika yi da ƙafarki zuwa unguwar nan ta fi duk zanen da kika yi zuwa yanzu amfani, ko da yake kin dawo rai a ɓace. Ɗalibai da yawa suna gama furojet ba su taɓa tsayawa a filinsu da rana tsaka ba, hotonsa kawai suka gani a kwamfuta.

Bari in fara da abin da ya same ni, don ki san daga inda nake magana. Shekara biyu da gama karatuna aka ba ni zanen wani ɗan wurin koyon sana'a na mata, ɗaki biyu da rumfa. Duk abin da na sani na zuba a cikinsa. Bangon ƙasa, manyan tagogi tun daga gwiwa har kusa da rufi don iska ta ratsa, tanki da injin turo ruwa da aka yi odarsa daga nesa. Bakin rufin kuwa na datse shi, bai leƙo fiye da taƙi ɗaya ba, saboda a takarda hakan ya fi kyau a ido. Aka yi bikin buɗewa, aka ɗauki hotuna, na kama gabana.

Bayan damina uku hanya ta biyo da ni ta wurin. Tagogin nan da nake ji da su, na tarar an toshe su da kwali da tsofaffin buhuna, an bi da ƙusa. Hanya suke kallo, duk mai wucewa sai ya ga na ciki, matan kuwa ba su iya sakin jiki su yi aiki a haka. Ɗakin ya koma duhu, ga zafi. Injin ya tsaya tun shekarar farko saboda wata 'yar roba da ba ta fi zobe girma ba, an zaga ba a samu irinta ba. Na zagaya gefen da ruwa ke bugowa, na tsuguna na danna gindin bangon da babban yatsana, sai ƙasar ta zube, yatsan ya shige har gaɓar farko. Tsohuwar da ke riƙe da makullin wurin tana tsaye tana kallona. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ginin yana da kyau, amma ba ka tambaye mu ba." Shekaru da yawa ke nan, amma har yau ba na zama in fara zane maganar nan ba ta faɗo mini a rai ba.

Ina jin abin da malaminki yake nufi da kwalliya ke nan. Sola da tanki da bishiya duk abubuwa ne masu kyau, sai dai ana iya liƙa su a kan kowane irin gini, har wanda aka zana ba daidai ba. Ɗorewa tun ran gini ne tun ran zane. Kowane layi kika ja, ki tambayi kanki: wa zai gyara wannan ranar da ba na nan, da wane kuɗi, kuma a ina zai samo kayan? Duk abin da kika rasa amsarsa, ki sake tunani a kansa.

Tunaninki na rage siminti daidai ne, kuma ki riƙe hujjarki da kyau don ranar kare aiki. Ana yin siminti ne ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a wuta mai zafin kusan digiri 1,450. Hayaƙin man da aka ƙona daban, shi kansa dutsen idan ya ƙone yana sakin iskar kabon da ke cikinsa, kuma fiye da rabin abin da masana'antar ke fitarwa daga nan yake zuwa. Idan aka haɗa, siminti kaɗai yana ba da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da 'yan Adam ke fitarwa a duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kafin ki kai ga kayan gini, akwai abin da ba ya cin ko sisi, kuma ba ki ambace shi a wasiƙarki ba: ina ginin naki yake kallo?

A ƙasashe masu zafi, ki shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, ta yadda dogayen bangaye masu tagogi za su kalli kudu da arewa. Rana idan tana sama, bakin rufi mai faɗi ya isa ya tare ta. Ta safe da ta yamma ce ke shigowa a kwance, ba rufin da zai hana ta, don haka siraran gefen ginin ne ya kamata su fuskance ta. Bangon yamma ya fi kowanne shan wuta, nan za ki sa sito ko matattakala, nan kuma bishiyoyin da kika zana za su yi aikin gaske maimakon cike takarda. Tagogi su kasance gaba da gaba a bango biyu don iska ta shiga ta fita. Sannan ki duba yanayin wurin naki da kanki. Inda rana ke ƙuna amma dare ya yi sanyi, bango mai kauri shi ne magani, yana shanye zafi da rana ya sake shi da dare lokacin da yara ba su nan. Inda kuwa ake da laima da gumi dare da rana, kaurin bango ba ya taimako sosai, abin da ake so shi ne inuwa da iska mai gudu.

Akwai ginin da nake so ki nemi zanensa ki zauna da shi kwana biyu, makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso. Wanda ya zana ta, Francis Kéré, ɗalibi ne kamarki a lokacin, yana karatu a jami'ar fasaha ta birnin Barlin a Jamus. Yana yaro ya yi karatu a ajin bulo mai cunkoso, ba iska ba haske, kuma bai manta ba. A 1998 ya kafa wata ƙungiya da abokansa suka riƙa tara kuɗi, a 2001 aka gama ginin, shi kuwa bai kammala karatu ba sai 2004. Azuzuwa uku ne kawai. Bangon na tubalin ƙasa ne da aka matse aka gauraya da ɗan siminti. Dabarar tana sama. Ya yi silin na tubali mai kafofin iska, sannan ya ɗaga rufin kwano can sama da shi a kan ƙarafa, ya bar fili a tsakani, ya kuma sa kwanon ya leƙo sosai ta kowane gefe. Kwano ya ɗauki zafi, amma ba a kan yara yake ba. Iska mai zafi ta aji tana hawa ta kafofin silin ta fice, mai sanyi ta shigo ta tagogi. Leƙowar rufin kuma tana hana ruwa dukan bango, daidai abin da ni na kasa yi. Ƙarafan da ke ɗauke da rufin ma rodi ne na gama-gari, an yanka da zarto an haɗa da ƙaramin injin walda a wurin, saboda ba hanyar kawo babbar motar ɗaga kaya. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zayyanar gine-gine a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, wadda ta fi kowacce girma a wannan fage. Abin da zai ba ki ƙarfin gwiwa shi ne, mutanen Gando ma da farko ba su yi murna da jin ƙasa ba. Ɗansu ya tafi Turai karatu, suna jiran ya kawo musu kankare.

Wannan ya kawo mu kan dattijon nan, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau. Kada ki yarda wani ya ce miki jahilci ne ya sa ya faɗi haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kin san ƙasa a littafi, shi kuwa ya san yaɓe duk shekara, ya san gara, ya san daren da ake kwana a zaune ana sauraron bango saboda ruwa ya ƙi tsayawa. Bayan wannan akwai mutunci. Yana ganin masu hali suna gina bulo, sai ga wata ta zo daga jami'a ta ce jikokinsa ƙasa ta dace da su. Ko ni ne zan tambaya.

Hassan Fathy na ƙasar Masar, wanda duk mai son ginin ƙasa yake ɗauka uba, a kan wannan dutsen ya yi tuntuɓe. A shekarun 1940 hukuma ta ba shi aikin gina sabon ƙauye kusa da Luksor, don a tashi mutanen Gurna, kimanin 7,000, daga kan kaburburan zamanin Fir'auna da suke zaune a kai. Ya ɗauko magina 'yan Nubiya waɗanda suka iya ɗaura rufin tubali mai lanƙwasa ba tare da katakon tallafi ba, ya zana gidaje masu sanyi da masallaci da kasuwa. Gini ne na gwani. Amma mutanen ba su nemi a tashe su ba, abincinsu yana can inda suke, suka ƙi komawa. Ƙaramin kaso na ƙauyen kawai aka gina, aikin ya tsaya. Fathy ya fi ni da ke sanin ƙasa nesa ba kusa ba, amma shawarar tashin ba da mutanen aka yi ta ba, kuma kyan gini bai rufe wannan ramin ba.

To me za ki yi? Gani ya kori ji. Ki koma, amma kada ki koma da hujja a baki. Ki fara da ƙasar filin kanta. Ki tona ki wuce ƙasar saman da ke da saiwoyi da taki, ki ɗebo ta ciki, ki zuba a kwalba mai haske zuwa kusan rabi, ki cika da ruwa, ki girgiza sosai, ki ajiye ta kwana. Da safe za ki ga ta rabu hawa-hawa, yashi a ƙasa, lallausar ƙasa a tsakiya, yumɓu a sama. Idan yumɓu ya yi yawa tubali zai tsattsage yana bushewa, sai a ƙara yashi. Idan ya yi kaɗan ba zai kama jikinsa ba. Wannan gwajin farko ne, na ainihi sai a ɗakin gwaje-gwajen sashenku, amma ki yi shi a gaban mutanen, ki kuma nemi tsohon maginin unguwar ya murza ƙasar a hannunsa ya faɗa miki abin da ya gani. Sau da yawa za ki tarar hannunsa ya riga kwalbarki.

Daga nan ki nemi injin matse tubali na hannu. Wanda ya fi shahara a irinsa wani injiniya mai suna Raúl Ramírez ne ya ƙera a Kolombiya a shekarun 1950, kuma maƙera a ƙasashe da yawa suna yin kwatankwacinsa. Ƙasa mai ɗan damshi, a gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse, a rufe a riƙa yayyafa ruwa kamar mako huɗu. Abin da zai fito tubali ne mai kaifin baki, santsi, kai ɗaya, ba ya kama da abin da dattijon yake tunawa. Ki gina ɗan guntun bango da shi, tsayin ƙugu, ki ba su bokitin ruwa su sheƙa masa, ki ba su guduma. Kéré ma da zai ƙara azuzuwa, samfurin rufi mai lanƙwasa ya fara ginawa, ya hau kansa da ma'aikatansa jama'a suna kallo.

Ki kuma faɗa musu gaskiya a kan rauninta. Maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne, daga sama da daga ƙasa. Harsashi da gindin bango, zuwa kamar tsayin gwiwa, a yi su da dutse ko kankare, a shimfiɗa abin da zai hana damshi hawa, a gyara ƙasa ta gangara nesa da bango, rufi ya leƙo sosai. A nan ne siminti ya cancanci kuɗinsa, kada ki ji kunyar sa shi. A garin Shibam na ƙasar Yaman akwai benaye na tubalin ƙasa masu hawa biyar zuwa goma sha ɗaya, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru, amma suna tsaye ne saboda ana kula da su, kuma ambaliyar 2008 ta yi musu ɓarna. Idan bayan duk wannan mutanen suka ce a'a, ki saurare su. Makarantar bulo da ta kalli inda ya dace, mai rufi biyu da inuwa da iska, wadda iyaye ke alfahari da ita suna share ta, za ta fi daɗewa a kan ta ƙasa da suke jin kunyarta. Ana kuma iya raba hanya, a yi ɗakin karatun da tubalin matsi, su zauna a ciki su ji sanyinsa da jikinsu, sauran ya biyo baya idan sun gamsu.

Ɓangaren amfanin jama'a kuwa, a ƙananan abubuwa yake ɓuya. Ɗakin karatun naki na jama'a ne, to ta ina babba zai shiga da yamma bayan an kulle makaranta? Idan sai ya ratsa farfajiyar yara, ba zai zo ba. Ki ba shi ƙofarsa ta waje. Banɗakin 'yan mata ina ƙofarsa take kallo, akwai ruwa a kusa, ana iya kulle shi ta ciki? Yarinyar da ta fara girma tana iya daina zuwa makaranta a kan wannan kaɗai. Wa zai riƙe makulli? Ki zauna da malaman makaranta da iyaye mata daban, don abin da za su faɗa miki ba shi za a faɗa a gaban dattawa ba. Yaran ma ki ba su takarda su zana miki inda suke zama lokacin tara.

Sai kuma maganar inda kuɗin ginin zai tafi. Anna Heringer, Bajamushiya, ta zauna a Bangaladash tana 'yar shekara 19 tana aikin sa kai. Furojet ɗinta na kammala karatu a birnin Linz na Ostiriya, a 2004, makaranta ce a ƙauyen Rudrapur, kuma a 2005 aka gina ta da ƙasa da karan shinkafa da gora, shanu ne suka tattaka kwaɓin. Ita ma ta ci kyautar Aga Khan a 2007. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne kuɗin ya ƙare ne a hannun leburori da masu gora na ƙauyen, kuma da aka gama an bar mutanen da suka iya aikin a wurin. Buhun siminti kuɗinsa fita yake yi daga unguwa, ladan mai buga tubali kuwa a unguwar ake kashe shi. Ki yi wannan lissafin a furojet ɗinki.

Ki kuma sa a ranki cewa da wuya a samu kuɗin azuzuwa shida lokaci ɗaya. Ki zana yadda za a gina biyu su tsaya da ƙafarsu, a ƙara sauran daga baya ba tare da an rushe komai ba. Alejandro Aravena da abokan aikinsa sun yi irin wannan a garin Iquique na ƙasar Chili wajen 2004. Tallafin gwamnati dala 7,500 ne ga kowane iyali, har da kuɗin fili, bai isa gida cikakke ba. Sai suka gina wa iyalai 93 rabin da ya fi wuya, wato ginshiƙai da matattakala da kicin da banɗaki, suka bar gurbi kowa ya cike nasa. Idan kuma akwai tsohon gini a filin, kada ki yi saurin share shi. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili tsohon masallacin garin suka gyara ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin matsi, aka gama a 2018.

Solarki ki bar ta, amma ki rage ta zuwa abin da ake buƙata bayan ginin ya yi nasa aikin. Farantan suna kai shekara ashirin da wani abu, batir ne ke mutuwa cikin 'yan shekaru, don haka ki rubuta wa zai saya sabo, da wanda zai riƙa goge ƙura. Tankin ma ki auna shi da lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a wurin da ake samun milimita 600 a shekara zai tara lita 60,000, a cire abin da ke zubewa da ruwan farko mai datti. Ki nemo adadin ruwan wurinki, ki ƙidaya yara, ki ga wata nawa zai kai su. Famfon kuwa ya zama wanda mai gyara na kusa ya saba da shi.

Wata huɗu sun isa. Ranar kare aiki, bayan zane-zanen, ki tafi da kwalbar ƙasarki, da tubali ɗaya a hannu, da shafi guda da ke nuna abin da za a gyara duk shekara da wanda zai yi shi. Maganar dattijon nan ma ki rubuta ta yadda ya faɗe ta, ki nuna abin da ta canza a zanenki. Idan kin koma wurinsa ki gaishe shi, kuma ki rubuto mini abin da ya ce da ya taɓa tubalin.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aji uku. Mu shida muka haɗu muna so mu gina wa wasu marasa galihu ɗaki a lokacin hutu, maimakon kullum zane a takarda. Wani ya ce mana doka ba ta yarda ɗalibi ya yi gini ba. Mu haƙura?

AMSA: Ɗana, kada ku haƙura, amma wanda ya gargaɗe ku bai yi ƙarya ba. A yawancin ƙasashe, wanda ke da lasisi ne kaɗai ke sa hannu a zanen da za a gina, kuma dalilin rai ne. Rufi idan ya rufta ba ya tambayar niyyar wanda ya ɗora shi. Heringer da na ambata a sama ba ita kaɗai ta yi ba, ta haɗa hannu da wani ƙwararre mai suna Eike Roswag. A Amurka akwai wani shiri na jami'ar Auburn wanda Samuel Mockbee da D. K. Ruth suka fara a 1993, inda ɗalibai ke tarewa a wani yanki mai fama da talauci a jihar Alabama su zana su gina wa mutane gidaje da hannunsu. Gidansu na farko da dammunan ciyawa suka yi bangonsa suka yaɓe, daga baya har gilasan gaban motoci suka yi amfani da su a wani ɗakin taro. Amma duk wannan malamai suna tsaye a kansu. Asibitin Butaro a Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, shi ma ɗaliban jami'ar Harvard ne suka fara zana shi, suka fitar da hanyoyin tafiya waje suka buɗe ɗakuna ga iska don rage yaɗuwar tarin fuka, tare da likitoci da injiniyoyi.

Don haka ku nemi malami mai lasisi ya karɓi aikin, da injiniya ya duba harsashi da rufi, ku kuma tabbatar da takardar filin kafin ku tona ko taƙi ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: talaka ba wurin gwaji ba ne. Idan kuna da sabuwar dabara, ku fara gwada ta a harabar makarantarku, ta sha damina ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin gyara shi ya fi kowa buƙatar abin da aka tabbatar. Ni da ku ne, da rumfar jira ko banɗaki zan fara, abin da za ku iya gamawa kafin hutu ya ƙare, don bangon da aka bari ba rufi damina ɗaya ta ishe shi.

TAMBAYA: Malam, ni ba ɗaliba ba ce, amma ina bin filinka. Da keken guragu nake tafiya tun ina ƙarama. Gine-gine da yawa yanzu ana yi musu gangara a bakin ƙofa, amma wallahi yawancinsu ba na iya hawa sai an tura ni. Ba a koya wa ɗalibanku wannan ne?

AMSA: 'Yar'uwa, na gode da kika rubuto, kuma abin da kika faɗa gaskiya ne. Ana koyarwa, amma sau da yawa sai an gama zane ake tunawa, a matsa gangarar a ɗan wurin da ya rage. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ta fi ɗaya cikin goma sha biyu tsayuwa, wato duk hawan santimita 10 yana buƙatar tsawon santimita 120. Idan daɓen gini ya ɗaga da santimita 60, gangararsa ta wuce mita 7. Ga ɗaliban da ke karanta wannan: a samar da shimfiɗaɗɗen wuri a sama inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa ba tare da ya koma da baya ba, a sa abin dafawa a gefe biyu, kada a shimfiɗa tayil mai santsi, faɗin ƙofa ya kai santimita 90, kuma a bi hanyar har banɗaki, don nan ne aka fi mantawa. Gangarar ta kasance a babbar ƙofa inda kowa ke shiga, ba a bayan gini ba. Nakan sa ɗalibaina su ari keke su zagaya sashenmu da shi awa ɗaya kafin su zana matakala ko guda. Idan kin yarda, ki aiko mini da bayanin wuraren da suka fi ba ki wahala da yadda suke, ba sai kin ambaci suna ba, in karanta musu a aji mako mai zuwa.